Daga Kuzar Riruwai Zuwa Magudanan Haske: Tarihin Wata Sana'a da Rabonmu a Cikinta



Gabatarwa

Maganar da zan yi yau ta shafi wata sana'a wadda ba ta daɗe da bayyana a duniya ba, watau sana'ar tsara hanyoyin da haske zai bi, da kuma ƙera su a jikin wani ɗan ɓalle wanda bai fi farcen yatsa girma ba. Masu sana'ar suna kiran wannan ɗan ɓalle cip, mu ma haka za mu kira shi. Hanyoyin da ake sassaƙawa a jikinsa kuwa, za mu kira su magudanan haske. Duk wanda ya taɓa aika saƙo ta wayar hannu zuwa Makka ko Landan, to saƙon nan nasa ya ratsa irin waɗannan magudanai, ko ya sani ko bai sani ba.

Zan bi tarihin sana'ar daga tushensa, sa'an nan in kawo shi kudancin Jihar Kano, watau ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Dalili kuwa shi ne, duwatsun Riruwai suna ɗauke da ɗaya daga cikin ma'adinan da aka gina wannan sana'a a kansu. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, mallakar dutse kaɗai ba ta taɓa ba wata al'umma rabo cikin irin wannan arziki ba. Rabon yana hannun wanda ya iya tace dutsen, ya kuma iya sarrafa shi.

Mene Ne Magudanar Haske?

Bari mu ɗauki misali daga abin da muka sani. Madatsar ruwa ta Tiga, a ƙasar Bebeji, wadda gwamnatin Alhaji Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974, ta tare Kogin Kano ne bayan ya gangaro daga tuddan kudu ya ratsa dajin Falgore. Ruwan da ke kwance cikin tafkin ba ya amfanar manomin Kadawa ko na Kura sai an ba shi hanya. Saboda haka aka haƙa babbar magudana, aka dafe ta da siminti, aka yi mata ƙofofi, aka rarraba ta zuwa ƙananan magudanai har ruwa ya isa fangalin mai tumatir. Aikin injiniya a nan shi ne ya hana ruwa yoyo, ya raba shi daidai, ya kuma iya buɗe shi da rufe shi sa'ad da ya ga dama.

To, haka abin yake ga haske, sai dai bangon magudanarsa ba siminti ba ne. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya a sarari, amma in ya shiga ruwa ko gilashi gudunsa yakan ragu. Masana suna auna wannan raguwa da wata lamba, wadda za mu kira lambar karkata. Ta ruwa 1.33 ce, ta gilashi mai tsabta kimanin 1.45, ta silikon kuwa kusan 3.5. Wannan bambanci shi ya sa in ka tsoma sanda cikin ruwa sai ka ga kamar ta karye. In haske yana tafiya cikin abu mai babbar lamba, ya zo ya taɓa iyakarsa da abu mai ƙaramar lamba a karkace ƙwarai, ba zai fita ba, sai ya komo ciki gaba ɗaya. Saboda haka in aka shimfiɗa siririn layi na abu mai babbar lamba, aka lulluɓe shi da mai ƙarama, haske zai bi layin nan kamar yadda ruwa ke bin magudana, har ya sha kwana tare da shi.

Asalin Ilmin

Wannan ilmi yana da tsohon tushe, kuma malaman Musulunci suna da babban kaso a cikinsa. Cikin 984, a Bagadaza, Ibn Sahal ya rubuta ƙa'idar karkatar haske cikin wani littafi da ya yi kan madubai masu ƙona abu. Bayansa kuma Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira, ya wallafa Kitabul Manaziri tsakanin 1011 da 1021, inda ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Sai cikin 1621 wani Bature mutumin Holan, Willebrord Snell, ya sāke gano ƙa'idar nan ta Ibn Sahal, kuma da sunansa ake koyar da ita a makarantunmu har yau.

Wanda ya fara nuna wa jama'a cewa ana iya tsare haske cikin hanya mai lanƙwasa shi ne Daniel Colladon, a birnin Janiba cikin 1841. Ya huda tulun ruwa, ya haska fitila ta bayan hujin, sai haske ya bi ruwan da ke tsartuwa har ƙasa. John Tyndall ya maimaita wannan gwaji a Landan cikin 1854. Amma fiye da shekara ɗari abin bai wuce na ban sha'awa ba, domin abubuwa uku ba su samu ba tukuna: fitilar da za ta ba da haske tsantsa mai launi ɗaya, da gilashin da ba ya shanye haske, da kuma dabarar sassaƙa abubuwa ƙanana ƙwarai.

Daga 1947 Zuwa 1974

Dukkan ukun sun samu cikin shekara ashirin da 'yan kai. Cikin 1947 aka ƙago taransista a ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka, da wani jinsin ma'adini da ake kira semikondakta, watau abin da ke tsakanin mai barin wutar lantarki ta wuce da mai hana ta. Silikon yana cikin wannan jinsi. Cikin 1958 Jack Kilby, da kuma 1959 Robert Noyce, suka nuna yadda za a haɗa taransista da yawa a ɓalle guda, a buga su kamar yadda ake ɗab'in littafi. Wannan ita ce dabarar sassaƙa.

Fitilar kuwa ita ce leza. Theodore Maiman ya kunna ta farko cikin 1960. Cikin 1962 Robert Hall ya yi leza da semikondakta mai suna galiyam asenaid, amma sai an sanyaya ta ƙwarai take aiki. Sai cikin 1970 ƙungiyar Zhores Alferov a Leningirad ta Rasha, da ta Izuo Hayashi da Morton Panish a kamfanin Bell, suka yi wadda ke ci ba yankewa cikin zafin ɗaki.

Saura gilashi. A wancan zamani, in haske ya yi tafiyar mita ashirin cikin zaren gilashi, abin da zai rage bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba. Cikin 1966 Charles Kao da George Hockham, a Ingila, suka bayyana cewa laifin na dattin ƙarfe ne da ke gauraye da gilashin, in an tace shi haske zai yi kilomita guda kafin ya ragu haka. Kamfanin Corning ya cim ma wannan cikin 1970. Zaren gilashin yau kuwa sai haske ya yi wajen kilomita ɗari kafin ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Ku lura da wannan, jama'a, domin za mu komo kansa: yashin da ake yin gilashi da shi yana ko'ina, tacewar ce ta kawo canji.

Ana cikin haka, cikin 1969, Stewart Miller na kamfanin Bell ya buga wata maƙala wadda ita ce mafarin sana'ar da muke magana a kai. A lokacin, mai binciken haske yakan jera madubai da tabarau bisa wani ƙaton tebur, in mota ta wuce ko zafin ɗaki ya sauya sai saitin ya lalace. Miller ya ce a kwashe dukkan kayan nan a mai da su magudanai, a buga su a ɓalle guda da dabarar da ake buga taransista. Abokin aikinsa Enrique Marcatili ya fitar da lissafin faɗin magudana da iyakar kwanar da za ta iya sha ba tare da haske ya zube ba.

Cikin 1974, watau shekarar da aka gama Tiga, Schmidt da Kaminow, su ma a kamfanin Bell, suka sami hanyar da ta yi tasiri ƙwarai. Sun ɗauki wani kiristal, watau daskararren abu garai-garai mai tsararren jiki, wanda ake kira litiyam niyobet, suka shimfiɗa masa siririn layin ƙarfen titaniyam, suka gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri dubu. Titaniyam ya nutse cikin kiristal, ya ɗaga lambar karkata a gurbin layin, magudana ta samu. Amfanin litiyam niyobet shi ne, in aka sa masa wutar lantarki gudun haske a cikinsa yakan sauya nan take. Sai a raba magudana gida biyu, a sa wa reshe ɗaya wuta, a sāke haɗe su a gaba. In igiyoyin hasken rassan biyu sun zo daidai da juna, haske ya fito. In tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, sai su kashe juna, ya zama duhu. Ƙofar magudana ke nan, wadda ake buɗewa da rufewa sau biliyoyi cikin daƙiƙa, kuma da haske da duhun nan ake rubuta saƙo. Daga shekarun 1990 irin wannan ƙofa ta zama ginshiƙin sadarwa mai nisa. Kalmar niyobet daga niyobiyam take, ma'adinin da za mu tarar a Riruwai.

Komawa ga Silikon

Magudanan litiyam niyobet na farko suna da tsawo, ƙofa guda takan kai santimita da dama, ba a kuma iya jera su da yawa. Saboda haka cikin tsakiyar shekarun 1980 Richard Soref, wanda ke bincike a ƙarƙashin rundunar mayaƙan sama ta Amurka, ya nuna cewa silikon, ko da yake ido ba ya gani ta cikinsa, garai yake ga hasken da ake sadarwa da shi. Masu sauraron rediyo sun san mita 16 da mita 25 a gajeren zango. Shi ma haske yana da tsawon zango, na sadarwa kuwa nanomita 1,550 ne, ya wuce ja, ido ba ya ganinsa. Nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikron, shi kuma maikron kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Cikin 1987 Soref da Brian Bennett suka auna yadda wutar lantarki ke sauya lambar karkata ta silikon.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Cikin 1988 Meint Smit, a Jami'ar Delft ta Holan, ya ƙago wani jerin magudanai masu bambancin tsawo wanda ke rarrabe launukan haske, har ya zama zare guda yana ɗaukar saƙonni arba'in ko tamanin, kowanne da launinsa. Cikin 2004 kamfanin Intel ya nuna ƙofar silikon mai buɗewa da rufewa sau biliyan cikin daƙiƙa. Sai dai silikon yana da nakasa ɗaya, ba ya haifar da haske yadda ya kamata. Cikin 2006 John Bowers na Jami'ar Kalifoniya, tare da Intel, suka liƙa wani semikondakta mai suna indiyam fosfaid a bisa magudanar silikon, wannan ya ba da haske, wancan ya bi da shi. Har ila yau cikin 2018 masu bincike a Jami'ar Harvard suka komo da litiyam niyobet fage, bayan an iya feƙe shi siriri ƙwarai a shimfiɗa bisa faifan silikon.

Yadda Ake Tsarawa da Ƙerawa

Aikin kashi biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga abin da zan faɗa a ƙarshe. Kashi na farko tsarawa. Injiniya yakan zauna gaban kwamfuta ya lissafa faɗin kowace magudana, da kwanarta, da tazarar da ke tsakaninta da 'yar'uwarta, ya gwada tafiyar haske cikin lissafi kafin a taɓa dutse. Magudanar silikon da aka fi amfani da ita kaurinta nanomita 220 ne, faɗinta wajen nanomita 500, watau sai an jera fiye da ɗari kafin su kai kaurin silin gashin kai.

Kashi na biyu ƙerawa. Ana fara wa da faifan silikon mai faɗin milimita 200 ko 300, wanda aka tace har dattin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. A bisansa akwai shimfiɗar gilashi mai kaurin kamar maikron biyu, a bisanta kuma siririyar shimfiɗar silikon. Sai a shafa wa faifan wani magani mai jin haske, a haska masa zanen injiniya ta cikin wani allo mai ɗauke da zanen, kamar yadda ake buga lamba a jikin buhu da kwano mai huji. A wanke, magani ya rage a gurbin zanen kawai. Sa'an nan a sa iskar gas mai ci ta zaizaye silikon da ba a rufe ba, magudanai su fito tsaye. A lulluɓe su da gilashi, a sa jamaniyam inda ake son idon da zai karɓi haske ya mai da shi wuta, a ja wayoyin ƙarfe, a gwada, a yanyanka faifan.

Wahalolin aikin su ma irin na Tiga ne. In bangon magudana yana da kaushi, ko da na 'yan nanomita ne, haske zai riƙa yoyo. Ƙwayar ƙura guda ta isa ta toshe hanya, don haka ake aikin cikin ɗakin da ake tace iskarsa dare da rana, wanda duk mai sanin ƙurar hunturu zai gane tsadarsa a ƙasarmu. Zafin digiri ɗaya yakan gusar da saiti. Sa'an nan ga haɗa cip da zaren gilashi: cibiyar zaren maikron tara ce, magudanar kuwa rabin maikron, kamar a ce za a juye babbar magudana cikin kwararon lambu ba tare da ɗigo ya zube ba. Wannan haɗi da rufewa da gwaji sau da yawa sun fi sassaƙar kanta cin kuɗi. A nan ne ma kuza take shigowa, domin da gamin zinariya da kuza ake liƙa yawancin ƙananan leza a mazauninsu.

Riruwai

Yanzu mu komo gida. Wanda ya bar hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa Falgore, zai shiga ƙasar Doguwa inda duwatsun Riruwai suke. Masana ilmin ƙasa sun nuna cewa saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ce, ɗan'uwan duwatsun Jos, mai shekaru fiye da miliyan 150. A cikinsu akwai kuza, akwai tutiya, akwai kuma niyobiyam, cikin baƙin dutsen da ake kira kolombayit da cikin wani dutse na kwarin Kaffo.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwan Kano, da 'yan'uwansu na Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi, sun san aikin kuza. Sukan wanke yashin rafi su ware ta, su narka ta da gawayi da zugazugi cikin murhun yumɓu, su zuba ta ta daskare sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Watau a lokacin nan, haƙa da tacewa da siffantawa duk suna hannun 'yan ƙasa. Waɗannan tsinkayen kuza su ne Turawan Kamfanin Neja suka gani a kasuwa suka bi sawunsu, har cikin 1902 suka aika masu bincike suka gano kuzar tuddan Jos. Dokar mulkin mallaka ta mai da ma'adinai mallakar gwamnati, aka yanka wa kamfanoni filaye, cikin 'yan shekaru murahun gargajiya suka mutu. Jikokin masu narka suka koma leburori masu ɗaukar kwano a ka. Cikin 1942 zuwa 1944 ma, bayan Japan ta ƙwace Malaya, da tilas aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza. Ɗanyen dutse ake lodawa a jirgin ƙasa a kai Ingila a narka, ba a sami masana'antar narka a Jos ba sai farkon shekarun 1960.

Kolombayit kuwa da farko zubar da shi ake yi, ana ganin datti ne da ke ɓata kuza. Da aka gano cewa niyobiyam yana ƙara wa ƙarfe jure zafi, musamman a injin jirgin sama, sai ya yi daraja. Cikin shekarun 1950, lokacin yaƙin Koriya da bayansa, Amurka ta yi ta sayensa tana ajiyewa, Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi. Bayan haka Barazil ta buɗe nata ramukan, yau ita ke ba duniya mafi yawan niyobiyam, Kanada na bi mata. Cikin shekarun 1970 Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1972, ta shiga aikin buɗe ramin ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, domin bin wata jijiyar kuza da tutiya mai tsawon kimanin kilomita biyar. Cikin Oktoba 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, aikin Riruwai bai ɗore ba.

Kada wani ya fita daga zauren nan da zaton cewa da mun riƙe kolombayit ɗinmu da mun riƙe wuyan masu ƙera cip. Mafi yawan niyobiyam a aikin ƙarfe yake ƙarewa, kamar yadda mafi yawan litiyam ke ƙarewa a batir. Abin da magudanan haske ke bukata kaɗan ne ƙwarai, kuɗin dutsen kuma ba a bakin kome yake ba in an gwada shi da kuɗin na'urar. Darajar tana shiga ne a wurin tacewa, da renon kiristal, da lissafi, da sassaƙa, watau matakan da aka raba Riruwai da irinsu tun farkon ƙarni na ashirin.

Misalin Malesiya

Akwai ƙasar da ta dace mu gwada kanmu da ita. Malesiya ma Ingila ce ta mallake ta, ita ma ƙasar kuza ce, har ta fi kowa fitar da ita a duniya, rushewar 1985 kuma ta same ta kamar yadda ta same mu. Bambanci biyu ne. Na farko, tun ƙarshen ƙarni na sha tara ana narka kuzar Malaya a yankin, a Singafo da Penang. Na biyu, cikin 1972 gwamnatin jihar Penang ta ware fili, ta tanadi wuta da ruwa da ma'aikata masu ilmi, ta jawo kamfanonin semikondakta, har da Intel, suka kafa masana'antun haɗawa da gwaji. Ba su fara da mataki mafi wuya ba, sun fara da wanda hannunsu zai kai. Da kuza ta faɗi, 'ya'yansu suna da wata sana'ar. Yau Penang tana cikin manyan wuraren da ake haɗa cip da gwada shi a duniya. Ku lura, gwamnatin jiha ce ta ja wannan aiki, a shekarun da mu ma gwamnatin jiharmu take gina Tiga.

Kammalawa

A halin yanzu Nijeriya mai saye ce a wannan kasuwa. Igiyar zaren gilashi ta SAT-3 ta fara aiki cikin 2002, MainOne da Glo-1 suka biyo cikin 2010, Equiano ta sauka Legas cikin 2022. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi da dama suka tsinke a tekun Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi sun ji a jikinsu. Ga shi kuma 'yan shekarun nan an shiga rububin haƙar litiyam a jihohin Nasarawa da Kaduna da Kwara. In ba a yi hattara ba, labarin kuza da kolombayit ne zai sāke maimaituwa karo na uku.

Gina masana'antar sassaƙa cip ta zamani aikin biliyoyin daloli ne, ba shi nake kira a yi ba. Amma tsarawa ƙofarta a buɗe take. Tun 2006 cibiyoyin bincike na Beljiyam da Faransa suka fara wani tsari mai kama da adashi, inda jami'o'i da yawa ke haɗa zanensu a faifai guda su raba kuɗin, kowa a aiko masa da nasa cip. Kuɗin shiga na dubban daloli ne, wasu manhajojin zanen kuma kyauta suke. Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello, da ta Kimiyya da Fasaha ta Wudil, kowacce tana iya kafa ƙungiyar malamai da ɗalibai kan wannan, in an ba ta wutar da ba ta yankewa da teburin gwaji guda.

Ga ma'aikatan gwamnati, dokar ƙasa ta sa ma'adinai a hannun Tarayya, amma makarantun firamare da na sakandare suna hannunku. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe cikin 1977, sun nuna abin da jiha za ta iya, domin likitoci da injiniyoyi masu yawa daga can suka fito. Yaron Riruwai da yarinyar Tudun Wada suna bukatar malamin fiziya da ɗakin gwaji mai tabarau da madubi. Kwalejojin fasaha su horar da masu haɗa zaren gilashi da auna shi, domin aikin yana nan yana jira, shi ne kuma matakin farko na sana'ar haɗawa da gwaji. A sassauta kuɗin izinin binne zare a gefen hanya, a kuma sa 'yan kwangilar titi su nemi taswirarsa kafin su sa katafila. A tanadi ɗakin auna ma'adinai, don mai haƙa a Doguwa ya san abin da ke cikin buhunsa kafin ya sayar.

Ku kuma ɗalibai, lissafi da fiziya da kemistiri su ne jarin wannan sana'a. Kakanninku na Riruwai sun san zafin da kuza ke narkewa da launin wuta kawai, ba su da ma'auni. Ku kuna da ma'auni, kuna da littattafai, abin da ya rage shi ne naci, da hukumar da za ta tsaya muku shekara goma ba tare da ta gaji ba.